Tsofaffin Littattafan Adabin Duniya a Sababbin Fassarorin Ingilishi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga bakin ɗalibai da malaman adabi da sauran masu sha'awar karatu a duk lokacin da suka nemi wani tsohon littafi na wata al'umma, suka tarar da shi a Ingilishi har iri uku ko huɗu, kowanne da bangonsa da kuɗinsa. Mafi yawanmu ba mu jin Girkanci ko Rashanci ko Farisanci, saboda haka kalmomin da muke karantawa na mai fassara ne, kuma ya kamata mu san ko wane ne shi, da matanin da ya yi aiki da shi, da abin da ya bari ko ya cire.

Waɗanne littattafai ake nufi da tsofaffin littattafan adabin duniya?

Ana nufin ayyukan da suka daɗe a hannun mutane, aka yi ta karanta su ƙarni bayan ƙarni har suka tsallake iyakar harshen da aka rubuta su. A cikinsu akwai waƙoƙin Homer guda biyu, Iliad da Odyssey, da labarin Gilgamesh na tsohuwar ƙasar Iraƙi, da labarin Genji wanda Murasaki Shikibu ta rubuta a fadar Japan a farkon ƙarni na 11, da Don Quixote na Cervantes wanda ya fito kashi biyu a 1605 da 1615, da ƙagaggun labaran Tolstoy da Dostoevsky na ƙarni na 19. Babu wani kwamiti da ya zauna ya rufe jerin. An daɗe kamfanonin ɗab'i na Ingila da Amurka suna fifita Girkanci da Latin da harsunan Turai, amma a shekarun baya-bayan nan an ƙara buɗe wa Larabci da Farisanci da Sinanci da harsunan Indiya hanya.

Idan an riga an fassara littafi, me ya sa ake sake fassara shi?

Dalili na farko shi ne harshe yana tafiya. Asalin littafi yana nan inda marubucinsa ya bar shi, amma Ingilishin da aka zuba shi a ciki yana tsufa. George Chapman ya kammala fassarar Iliad a 1611, a zamanin Shakespeare, kuma Baturen Ingila na yau ma sai ya yi da gaske kafin ya bi ta, balle wanda ya koyi Ingilishi a makaranta. Na biyu, a kan gano rubutun hannu mafi inganci ko a gyara matanin asali, sai tsohuwar fassara ta zama ta dogara da abin da masana suka riga suka bari, kuma akwai amsa ta musamman a kan wannan a ƙasa. Na uku, mafassaran da suka gabata sun yanke sassa da yawa, wani lokaci saboda kunya, wani lokaci saboda tsawo.

Akwai kuma dalilin kasuwa, wanda bai kamata a ɓoye shi ba. Tsohon littafi ba mallakar kowa ba ne, kowane kamfani yana iya buga shi, amma sabuwar fassara tana da haƙƙin mallaka nata na kanta. Wannan ne ya sa a kan ga fassarori biyu na littafi ɗaya a shekara ɗaya, kamar yadda Anna Karenina ya fito a 2014 daga hannun Rosamund Bartlett da kuma hannun Marian Schwartz.

Shin sabuwar fassara ta fi tsohuwa a koyaushe?

A'a. Louise da Aylmer Maude sun zauna a Rasha shekaru da yawa, sun san Tolstoy ido da ido, shi da kansa ya yaba aikinsu, kuma fassararsu ta War and Peace da ta fito a farkon shekarun 1920 har yanzu tana cikin mafiya daɗin karatu. Haka kuma aikin C. K. Scott Moncrieff a kan babban littafin Proust, marubucin Faransa, wanda ya fara fitowa a 1922, bai mutu ba. Gyara shi aka yi ta yi, Terence Kilmartin a 1981, sannan D. J. Enright a 1992, inda aka sauya sunan littafin daga wanda Scott Moncrieff ya aro daga wata waƙar Shakespeare zuwa In Search of Lost Time, wanda ya fi kusa da Faransancin.

Abin da sabuwar fassara takan fi tsohuwa da shi shi ne cikar matani da ingancin sharhi da sauƙin harshe. Daɗin jimla kuwa baiwa ce ta mutum, shekarar bugu ba ta bayar da ita.

Mene ne bambancin sabuwar fassara da sabon bugu?

Sabuwar fassara tana nufin wani ya koma ga harshen asali ya sake aikin daga farko. Sabon bugu yana iya zama tsohuwar fassara ce aka sa mata sabon bango, ko aka ƙara mata gabatarwa da sharhi, ko aka ɗan gyara kurakuranta. Hanyar ganewa ita ce a buɗe bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi, inda ake rubuta haƙƙin mallaka da ƙananan haruffa, a nemi sunan mai fassara da shekarar da fassarar ta fara fitowa. Littafin da bangonsa ke sheƙi, aka buga shi bara, yana iya ɗauke da Ingilishin 1846.

Idan an duba ko'ina ba a ga sunan mai fassara ba, a yi hattara. Galibi irin wannan bugun an kwaso shi ne daga intanet ba tare da tacewa ba. Masu fassara sun daɗe suna neman a riƙa sa sunayensu a bangon gaba, kuma tun 2016 kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa take raba kuɗinta, fam 50,000, daidai wa daida tsakanin marubuci da mai fassara.

Da gaske ne kalma ɗaya za ta iya sauya yadda ake fahimtar littafi?

Misalin da aka fi sani shi ne jimlar farko ta L'Étranger na Albert Camus, wanda ya fito a 1942. Mai ba da labarin yana sanar da rasuwar mahaifiyarsa, ya kira ta da kalmar da yaran Faransa ke kiran iyayensu mata. Stuart Gilbert a 1946 ya mayar da ita “Mother”, kalma mai sanyi da nisa, Matthew Ward a 1988 ya bar ta “Maman” yadda take, Sandra Smith kuma a 2012 ta ce “My mother”. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san tazarar da ke tsakanin “mahaifiya ta rasu” da “Inna ta rasu”. Tun da yake a gaban kotu an fi kama mutumin da laifin rashin kuka a jana'izar uwarsa fiye da kisan Balaraben da ya yi a gaɓar teku a Aljeriya, wannan kalma ɗaya tana shirya zuciyar mai karatu tun daga layin farko, ko ya ɗauke shi marar imani ko ya ɗauke shi ɗa kamar kowane ɗa.

A Odyssey ma haka ne. Homer ya siffanta Odysseus, jarumin labarin, da kalmar da ke nufin mai juye-juye da yawa, wadda za ta iya nufin wanda tafiya ta yi ta juya shi, ko kuma mai dabara da wayo. Richmond Lattimore ya ce “of many ways”, Robert Fagles ya ce “of twists and turns”, Emily Wilson ta ce “complicated”. A kashi na 22, inda Telemachus, ɗan Odysseus, ya rataye mata goma sha biyu na gidan ubansa bisa laifin kwana da manyan mutanen da suka mamaye gidan, wasu mafassara sun kira su barori, sun kuma sa wa Telemachus zagin karuwanci a baki, alhali Girkancin bai yi wannan zagi ba. Wilson ta kira su bayi, domin bayi ne, kuma da zarar an faɗi haka sai mai karatu ya tambayi kansa ko suna da ikon ƙin manyan mutanen da suka mamaye gidan. A ganina wannan gyara ya fi duk wata ƙawar salo muhimmanci.

Wace fassarar Homer ce ta fi dacewa da mai farawa?

Ga wanda Ingilishi harshensa na biyu ne, Odyssey na Emily Wilson na 2017 ya fi sauƙin shiga. Ita ce mace ta farko da ta buga cikakkiyar fassarar littafin a Ingilishi, bayan maza wajen 60 sun gabace ta, kuma ta ɗaure kanta da sharaɗi mai wuya: yawan layukanta daidai da na Homer, sama da 12,000, a cikin karin waƙar Ingilishi mai gaɓa goma. Wannan ya tilasta mata gajerun kalmomi, labarin kuma yana gudu. Ta fitar da Iliad a 2023, amma a wannan littafin Caroline Alexander ta riga ta a 2015.

Wanda ya fi son zube yana iya neman E. V. Rieu, wanda fassararsa ta 1946 ita ce littafi na farko a jerin Penguin Classics, an kuma sabunta ta daga baya. Fagles, wanda ya fitar da Iliad a 1990 da Odyssey a 1996, yana da armashi idan ana karantawa a bayyane. Lattimore ya fi manne wa tsarin Girkancin, shi ya sa malaman jami'a suke son Iliad ɗinsa na 1951. Fassarar Alexander Pope ta ƙarni na 18 babbar waƙa ce a Ingilishi, amma a ajiye ta sai an san labarin.

Me ya sa ake yawan gardama a kan fassarar littattafan Rasha?

Domin mace ɗaya ce ta gabatar da kusan dukkan manyan marubutan Rasha ga masu karatun Ingilishi. Constance Garnett, wadda ta rayu daga 1861 zuwa 1946, ta fassara mujalladai wajen 70, ciki har da War and Peace a 1904 da The Brothers Karamazov a 1912. Tana aiki da sauri, Ingilishinta mai santsi ne, kuma an zarge ta da goge kaushin Dostoevsky da tsallake abin da ya shige mata duhu. Cikin marubutan Rasha kansu, Vladimir Nabokov ya soke ta da zafi, Joseph Brodsky kuma ya yi ƙorafin cewa masu karatun Ingilishi ba sa iya bambanta Tolstoy da Dostoevsky saboda muryarta suke ji a duka biyun.

Richard Pevear da matarsa Larissa Volokhonsky sun fito da nasu Karamazov a 1990 da niyyar dawo da wannan kaushi. Ita takan yi fassarar farko kalma da kalma, shi kuma ya daidaita Ingilishin, sannan su sake bi tare. Sun yi suna ƙwarai bayan shirin talabijin na Oprah Winfrey ya zaɓi Anna Karenina ɗinsu a 2004, amma su ma masana irin su Gary Saul Morson sun ce Ingilishinsu yana tuntuɓe a inda Rashancin yake tafiya lafiya. Wanda bai gamsu da ɓangarorin biyu ba yana da Oliver Ready a Crime and Punishment na 2014 da Michael Katz a Karamazov na 2023.

War and Peace yana da tasa matsalar, domin Tolstoy ya sa masu sarautar Rasha suna magana da Faransanci a wurare masu yawa, tun daga shafin farko. Anthony Briggs a 2005 ya mayar da komai Ingilishi, Pevear da Volokhonsky a 2007 sun bar Faransancin a wurinsa da fassara a ƙasan shafi. Hanyar Briggs ta fi sauƙi, amma tana ɓoye wani abu da Tolstoy ya nufa, wato mutanen da ke yaƙi da Napoleon da harshensa suke hira a ɗakunan baƙinsu.

Yaya zan san ko an yanke wani abu daga littafin da na saya?

A nemi kalmar da ke nuna cikakke ne ko taƙaitacce a bango ko a bayanin mai fassara, amma kada a dogara da bango kaɗai, domin tsofaffin mafassara sun yanke ba tare da sun faɗa ba. Fassarar Lewis Mercier ta 1872 ta littafin Jules Verne na tafiya a ƙarƙashin teku ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na littafin, ta kuma rikita lissafe-lissafensa, har aka daɗe ana yi wa Verne kallon marubucin yara. Fassarar The Count of Monte Cristo ta 1846, wadda ba a san mai ita ba, ta cire abin da take ganin bai dace da tarbiyyar zamanin Sarauniya Biktoriya ba, sai Robin Buss ya dawo da shi a 1996. Monkey na Arthur Waley na 1942 babi 30 ne kacal daga babi 100 na labarin Sinawa na tafiya yamma, cikakkensa kuwa yana cikin mujalladai huɗu na Anthony Yu da suka fito tsakanin 1977 da 1983.

Wani yankan kuma hukuma ce ta yi shi tun a gida. The Master and Margarita na Bulgakov ya fara fitowa a wata mujallar Mosko a 1966 da 1967 bayan masu tace rubutu na Tarayyar Sobiyet sun zaftare shi, kuma daga wannan matanin Mirra Ginsburg ta yi fassararta ta 1967, wadda take da daɗi amma ba cikakkiya ba.

Shin matanin asali ma yana sauyawa?

Yana sauyawa. Gilgamesh a kan allunan yumɓu aka same shi, da yawa daga cikinsu a kangon ɗakin karatun sarki Ashurbanipal a Nineba, kuma a 1872 ne George Smith ya karanto labarin ambaliya daga ɗaya daga cikinsu a gidan tarihi na Birtaniya. Har yau akwai giɓi a cikinsa. A 2011 gidan tarihi na Sulaimaniyya a Iraƙi ya sayi wani ɓallen allo, Farouk Al-Rawi da Andrew George suka buga shi a 2014, aka samu ƙarin layuka wajen 20 masu siffanta dajin al'ul da kukan tsuntsaye da birai. Duk fassarar da ta riga wannan shekara ba ta da su sai in an sabunta ta, amma ta Sophus Helle ta 2021 tana da su.

Kafka ya rasu a 1924 ya bar littattafansa ba a kammala ba, abokinsa Max Brod ya shirya su ya gyara yadda ya ga dama, kuma daga shirin Brod ne Willa da Edwin Muir suka fassara. Da Malcolm Pasley ya koma ga rubutun hannun ya fitar da tataccen matani, sai Mark Harman ya sake fassara The Castle a 1998, ya bar shi ya tsaya a tsakiyar jimla kamar yadda alƙalamin marubucin ya tsaya.

Wace fassarar Dare Dubu da Ɗaya ce ta fi kusa da Larabcin?

Sai an fara tambayar wane Larabcin, domin littafin ba shi da matani ɗaya. Antoine Galland ya fitar da shi a Faransanci tsakanin 1704 da 1717 daga wani rubutun hannu na ƙasar Sham, da labaran suka ƙare masa kuma ya ƙara da waɗanda wani matashi ɗan Halab mai suna Hanna Diyab ya ba shi a Faris a 1709. Labarin Aladdin da na Ali Baba daga bakin Diyab suka fito, ba a same su a wani tsohon rubutun Larabci da ya riga Galland ba. Edward Lane ya tsabtace littafin wajen 1840 don iyalan Ingila, Richard Burton kuma a 1885 ya yi akasin haka, ya ƙara gishiri a batsa, ya rubuta da wani baƙon Ingilishi mai wuya, ya cika ƙasan shafi da ra'ayoyinsa na wariyar launin fata. Fassarar Burton ce ta fi yawo a intanet, kuma ita ce ba zan ba mai farawa shawarar ɗauka ba.

Husain Haddawy a 1990 ya fassara tataccen matanin da Muhsin Mahdi ya buga a 1984 daga wancan rubutun na Sham, wanda bai kai dare 300 ba, kuma shi ne mafi kusa da tsohuwar surar littafin. Malcolm Lyons a 2008 ya fassara dukkan darare 1,001 a mujalladai uku daga bugun Kalkata na ƙarni na 19. Yasmine Seale ta fitar da Aladdin a 2018 da zaɓaɓɓun labarai masu sharhi a 2021. Mai karatun Hausa yana da abin kwatantawa a gida, tun da an buga Dare Dubu da Ɗaya da Hausa ta hannun Frank Edgar a shekarun 1920, kuma Abubakar Imam ya ɗebo daga wannan rijiya a Magana Jari Ce.

Ana iya amincewa da fassarar wanda bai san harshen asali ba?

Ana iya jin daɗinta a matsayin sabuwar waƙa, amma bai kamata a ɗauko magana daga cikinta a jingina wa marubucin asali ba. Coleman Barks, wanda The Essential Rumi ɗinsa na 1995 ya sa Jalaluddin Rumi ya zama ɗaya daga mawaƙan da aka fi saye a Amurka, ba ya karanta Farisanci. Tsofaffin fassarorin masana irin su A. J. Arberry ya ɗauka ya sake zubawa a sakakkiyar waƙa, kuma a hanya ayoyin Alƙur'ani da hadisai da ambaton Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ragu ƙwarai. Rumi, wanda ya rasu a Konya a 1273, malamin fiƙihu ne kuma sufi, Masnawi ɗinsa mai baiti wajen 25,000 cike yake da tafsiri da ƙissoshin annabawa. Yawancin guntayen maganganun da ake yaɗawa da sunansa a Facebook daga irin wannan sake zubi suka fito.

Wanda yake son Rumi na gaskiya ya nemi Jawid Mojaddedi, wanda ya fara fitar da Masnawi a jerin Oxford a 2004 cikin baitoci masu amsa-amo, ko kuma aikin R. A. Nicholson na 1925 zuwa 1940, mai nauyi amma amintacce.

Akwai littattafan da malamanmu na zaure suke karantarwa a cikin waɗannan sababbin fassarori?

Akwai, kuma mafi ban sha'awa shi ne Maƙamat na Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, wanda almajiran ilimi a ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa don ƙwarewa a lugga. Maƙama 50 ne na yawon Abu Zaid al-Saruji, mai zaƙin baki da damfara, kuma an daɗe ana cewa ba ya fassaruwa, saboda a ciki akwai jimlolin da ake karantawa gaba da baya, da wasiƙun da haruffansu ke bin tsarin mai ɗigo da marar ɗigo. Thomas Chenery a 1867 da F. Steingass a 1898 sun fassara ma'anar suka bar wasan. Michael Cooperson a 2020, a littafin da ya kira Impostures, ya zuba kowace maƙama a wani salon Ingilishi daban, wata a salon wani tsohon marubuci, wata a karin harshen wata ƙasa, har da Turancin Buroka (Pidgin) na Najeriya, kuma aikin ya ci kyautar Sheikh Zayed ta fassara a 2021.

Wanda ya karanci littafin a gaban malami zai ga cewa Cooperson ya kama ruhin wasan, amma ba zai maye gurbin sharhi ba. Littafin yana cikin jerin Library of Arabic Literature na Jami'ar New York, wanda yawancin mujalladansa suke kawo Larabci a shafi ɗaya da Ingilishi a shafin da ke fuskantarsa. A wannan jeri ne kuma aka buga littafin tafiye-tafiyen Hanna Diyab a 2021, wanda aka ambata a amsar Dare Dubu da Ɗaya.

Mene ne bambancin Penguin da Oxford da Norton da sauransu?

Penguin Classics, mai baƙin bango, da Oxford World's Classics, wanda asalinsa ya koma 1901, su ne na kowa da kowa: gabatarwa, sharhi a ƙarshe, kuɗi da dama-dama. Norton Critical Editions na ɗalibi ne mai rubuta takarda, domin rabin littafin maƙalolin masana ne da takardun tarihi. Everyman's Library, wanda aka kafa a 1906, yana da bango mai ƙarfi da takarda mai kyau, amma sau da yawa sharhinsa kaɗan ne. Loeb Classical Library, wanda James Loeb ya kafa a 1911, yana kawo matanin asali da Ingilishi gefe da gefe, kore na Girkanci, ja na Latin. NYRB Classics, tun 1999, ya ƙware a tono littattafan da aka manta. Sunan kamfani dai bai isa hujja ba, domin kamfani ɗaya yana iya samun fassarori biyu na littafi ɗaya a kasuwa.

Me ya sa fassarorin da ake samu kyauta a intanet suke da wuyar karantawa?

Saboda tsofaffi ne. A Birtaniya da Tarayyar Turai da Najeriya haƙƙin mallaka yana ƙarewa ne shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, a Amurka kuma tsofaffin littattafai suna fita bayan shekara 95 da bugawa, kuma mai fassara yana da nasa haƙƙin dabam da na marubuci. Don haka abin da ɗakin karatun intanet na Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yake bayarwa kyauta shi ne Garnett da Burton da Pope da Don Quixote na John Ormsby na 1885, ba Edith Grossman ta 2003 ba. Wasunsu suna da kyau, kamar Maude da Ormsby. Amma ɗalibai da yawa sun ajiye babban littafi suna zargin Ingilishinsu da rauni, alhali Ingilishin kakannin Turawa aka ba su, kuma wannan asara ce da take damuna.

Yaya zan gwada fassara kafin in saya, kuma yaushe zan karanta gabatarwa?

A samu shafi ɗaya daga fassarori biyu ko uku, wanda shagunan intanet sukan nuna kyauta, a karanta a bayyane. Ya fi kyau a zaɓi wurin da mutane suke hira, domin a nan ne fassara takan nuna rauninta, kowa ya koma magana da murya ɗaya. A kuma karanta bayanin mai fassara, inda zai faɗi matanin da ya bi da abin da ya sadaukar. Labarin Genji misali ne mai kyau: Royall Tyler a 2001 ya bi al'adar fadar Japan ta kiran mutane da muƙamansu masu sauyawa, Edward Seidensticker a 1976 ya ba su tsayayyun sunaye don sauƙi, kuma sanin wannan kaɗai ya isa mutum ya gane wadda za ta yi masa.

Doguwar gabatarwar masana kuwa a bar ta sai an gama littafin, domin galibi tana tona ƙarshen labari.

Shin adabin Hausa da na maƙwabta yana samun irin wannan kulawa?

Kaɗan yake samu. Labarin Sundiata na Mali ya shiga Ingilishi a 1965 ta hanyar Faransancin D. T. Niane, Penguin kuma ya buga wani zubin na maroƙan Gambiya a 1999. Wole Soyinka ya fassara littafin D. O. Fagunwa na Yarabanci a 1968. A ɓangarenmu, Neil Skinner ya fara fitar da fassarar tatsuniyoyin da Edgar ya tattara a 1969, Jean Boyd da Beverly Mack kuma sun buga ayyukan Nana Asma'u a 1997 tare da matanin Fulfulde da Hausa da Larabci. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, Mervyn Hiskett ne ya fassara shi a 1967, kuma wannan fassarar ce ake ta sake bugawa. Dalilin tsufar harshe da aka kawo a amsa ta biyu ya hau kanta, tun da ta haura shekara 50, masu iya sake aikin kuma suna nan a sassan Hausa da na Ingilishi na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato.